Ƙara ma GTX 1060 boltaji a wannan zafi na Yamai, gudu zai ƙara ko ƙonewa zai yi?

Dan_Wadata:

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da zafi. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar kart grafik, wato katin da ke sarrafa hoto a kwamfuta. Ina da GTX 1060 mai 6GB, okaziyo na saye shi bara, da shi nake buga GTA V da eFootball, wani lokaci kuma ina ɗan haɗa ma mutane bidiyon biki da na suna. Na sa MSI Afterburner, manhajar da ake ƙara ma kati gudu da ita, na ja Core Clock (gudun katin) zuwa +150, Memory Clock (gudun memorinsa) +400, Power Limit (iyakar wutar da zai ci) kuma na kai shi ƙarshe, to a haka yana taɓa 2000 MHz in na kunna wasa amma ba ya daɗewa a wurin, jim kaɗan sai in ga ya sauko 1960, ya sauko 1920, haka dai yake ta zamewa, zafinsa kuma yana yawo tsakanin 81 da 83. In na ce bari in kai shi +200 kuwa sai ekran ya yi baƙi ya dawo, wasan ya rufe kansa, wani lokaci har wasu ɗige-ɗige masu launi nake gani kafin ya mutu.

To na ga wani bature a YouTube ya shiga Settings ya kunna Unlock voltage control, ya ja Core Voltage har +100, nasa katin ya zauna 2100 cif ko motsi ba ya yi. Shi ne nake so in sani, in na yi haka nima zan samu? Kuma ba zai ƙone min kati ba? Don wallahi in wannan ya tafi ba ni da kuɗin wani yanzu. Alim ɗina, wato abin da ke raba ma kayan injin wuta, wanda ya zo da akwatin ne, an rubuta 450W a jikinsa amma sunan kamfanin ban taɓa jin sa ba. Ɗakin babu klim, bantilo ne kawai, rufin kuma kwano.

Gyara_Katako:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka taɓa komai sauke GPU-Z, manhajar da ke nuna halin da kati ke ciki, ka shiga wajen Sensors, ka nemi layin da aka rubuta PerfCap Reason, ka bar shi a buɗe kana wasa. Wannan layin shi ke gaya maka abin da ya riƙe katin a wannan lokacin. In ya rubuta Thrm zafi ne, in Pwr ne to ya cinye wat ɗin da aka yarje masa, in kuma VRel ka gani to nan ne kawai za a ce boltaji ne ya tsayar da shi. Ni daga lambobin da ka kawo ko ban gani ba na san Thrm da Pwr za ka tarar, don 83 ɗin nan da kake gani ba haka kawai ba ne, shi ne iyakar zafin da Nvidia, mai ƙera cip ɗin (wato ƙwaƙwalwar katin), ta sa ma katin tun daga kamfani, da ya kai nan sai ya fara rage gudu da kansa don kar ya wuce.

Kuma katunan nan na jerin 10, wato 1060 da 1070 da 1080 da suka fito a 2016, tsarinsu shi ne tun kafin ma a kai 83 ɗin suna sauke gudu kaɗan-kaɗan, duk ƴan digiri da zafi ya ƙaru sai ya zubar da kamar 13 MHz, shi ya sa kake ganin yana saukowa mataki-mataki ba faɗuwa ɗaya ba. Baturen da ka gani wataƙila ɗakinsa digiri 20 ne ko 22, kai kuma a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Wadata, waje ma ana 41 ko 42 da rana, cikin ɗakin Allah kaɗai ya sani. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar da ke ɗakin take ja ta hura ma ƙarfen, in iskar ta fi tasa zafi da digiri 15 to katinka ma zai fi nasa zafi da kusan haka ko da kati iri ɗaya ne, kamfani ɗaya.

Game da Core Voltage ɗin kuma, mutane da yawa suna zaton +100 na nufin ka ninka wutar. A'a. A kan waɗannan katunan Nvidia ta kulle abin a 1.093V, kuma da ma shi da kansa yana kai wajen 1.05 ko 1.06 in yana da sanyi, to abin da sandar Core Voltage ɗin da ake ja take yi kawai ta ba shi izinin taka ƴan matakan ƙarshe da suka rage, in zafi da wat sun bar shi. Naka ba su bar shi ba. In ka ja ta yau abin da zai faru zai ɗan haura na minti ɗaya ko biyu, ya ƙara cin wuta, ya isa 83 da wuri fiye da da, sannan ya sauko inda yake ko ma ƙasa da haka. Ƙonewa nan take dai da wuya, amma riba babu.

Baƙin ekran a +200 kuwa wannan cip ɗinka ne ya ce nan ƙarfinsa ya tsaya. Kowane cip da rabonsa, biyu za su fito layi ɗaya rana ɗaya wani ya kai 2100 wani ya tsaya 2000, ba laifin kowa ba ne.

Ba_Adare:

Sallama gare ku daga Tawa. Abin da malam na Katako yaf faɗi gaskiya na, amma in ƙara wani abu don masu katunan kamfanin AMD da za su karanta wanga zance su ɗauka dut ɗaya na. Ni RX 580 gare ni mai 8GB, kuma nan wajenmu abin ba kulle yake kamar na Nvidia ba, cikin Adrenalin ɗin kanshi, wato manhajar AMD, in ka shiga Performance ka shiga Tuning kana iya rubuta boltajin da hannunka a mV, kuma shina ɗauka da gaske. Katin da ma wat 185 anka rubuta mishi, in ka ƙara mishi boltaji ka buɗe Power Limit sai ya wuce 200 ba wuya, ka ji hwanka na kuka kamar za ta tashi sama. To nan kam mutum na iya yi ma kanshi ɓarna, ba cip ɗin ne ma ka fara mutuwa ba, ƙananan kayan da ka rarraba mishi wuta ne, waɗanda aka ce ma VRM, su ne ka gasuwa a hankali kuma galibi ba ka ganin zahinsu a ekran.

Na biyu, ɗan'uwa ka ce okaziyo ka saye. Ka san dai tun da Ethereum, wani kuɗɗin intanet da ake samu ta hanyar sa kati aikin lissahi da aka ce ma haƙa, ta bar haƙa da kart grafik a Satumban 2022 anka zubo katunan ga kasuwa da araha, 1060 da RX 570 da 580 su ne kan gaba, da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana ba a kashe su ba. Ban ce naka na ciki ba, amma kati mai shekaru haka ko bai yi haƙa ba pat ɗin da ke kan cip ɗin, wato man da ka miƙa zahi daga cip zuwa ƙarfen sanyaya shi, ya bushe ya zama kamar ƙasa. Ga kuma ƙura, mu nan Adar in hazo ya sauka ko ka rufe ƙofa da taga sai ka share tebur da safe ka sake sharewa da marece, to ka duba tsakanin haƙoran ƙarfen katinka ka gani, na rantse za ka tarar da ita ta yi dam kamar auduga.

Amma ni abin da ya fi tada min hankali a zancenka alim ɗin nan na. 450W da anka rubuta a jikin irin waɗanda ka zowa da akwati sau da yawa rubutu na kawai, ɗauke shi ka ji nauyinshi, in ka ji shi sakayau to ka san abin da ke ciki. Duba takardar da ke manne gefenshi, layin 12V, amfiya nawa anka sa, ka ninka da 12, wannan shi ne ƙarfin da kati da furosesa za su samu da gaske. Ga kuran ɗinmu da ke tahiya ya dawo ba sallama. In da ni ne kuɗɗin da nike da su alim mai 80 Plus, tambarin da ka nuna ba ya ɓarnar wuta da yawa, zan fara nema da ondilar ko regilata, kahin in yi zancen obaklok, wato ƙara ma kati gudu.

Turbo_Yantala:

Haba dattawa kun tsorata yaro da yawa mana 😂 ni 1070 gare ni kuma Core Voltage ɗina a +100 yake tun da na sa shi, ba abin da ya same shi, kun faɗa da bakinku an kulle shi a 1.093 to ina abin tsoro? Ni a wajena yana taimakawa, ba tare da shi ba 2050 nake samu, da shi ina zama 2088 kuma ba ya faɗuwa. Dan_Wadata ja abinka kawai ka sa fanka 100%, in bai yi ba ka mayar, ai akwai Reset. Masu obaklok na gaske ma har nitrojin mai ruwa suke zuba ma kati su canza BIOS su yi masa walda a kan allo, mu nan ɗan jan sanda ne ake ta wa'azi a kai.

Gyara_Katako:

Turbo ai na san ɗakinka, klim ɗinka ba ya hutawa, katinka kuma mai fanka uku ne. Faɗa mana zafin da yake kaiwa mu ji.

Turbo_Yantala:

62 zuwa 65 haka. To shi ma ya sayi klim 😅

Yar_Harobanda:

Sannunku yayyena. Turbo ka ba da amsar da kanka ai, a 65 kai VRel ke riƙe ka shi ya sa ƙarin boltajin ya yi maka aiki, shi kuma a 83 yake. Amma ko a wajenka bari mu yi lissafi mu gani. Daga 2050 zuwa 2088 ƙarin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, wasan da ke ba ka hoto 60 a sakan zai koma 61 in ma ya bi gudun daidai, kuma ba ya bi daidai. Idonka ba zai taɓa ganin wannan ba.

Ɓangaren wuta kuma ba haka yake tafiya ba. Wutar da cip ke ci tana tafiya ne da gudunsa sau boltaji sau boltaji, wato boltajin sau biyu yake shiga lissafin. In ka tashi daga 1.05 zuwa 1.093, raba su ka samu 1.041, ninka shi da kansa ka samu wajen 1.084, kenan kashi 8 cikin ɗari na ƙarin wuta daga boltaji kaɗai, ka ɗora na gudun a kai ya kai wajen kashi 10. Ka biya 10 ka karɓi 2, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kuma duk wat ɗin da ya shiga katin zafi yake komawa, babu inda yake zuwa sai cikin akwatin da ɗakin da kake zaune. Akwai ma wani abu, cip in ya yi zafi yoyon wutar da ke cikinsa ƙaruwa yake, wato a gudu ɗaya da boltaji ɗaya kati mai digiri 83 ya fi mai 65 cin wuta, shi ya sa na Dan_Wadata zai riƙa buga Pwr da wuri alhali 1060 wat 120 kawai aka tsara masa.

To juya lissafin ta ɗaya gefen ka ga daɗinsa. In ka sauke daga 1.05 zuwa 0.90, raba su 0.857, ninka da kansa 0.735, ka rage fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wutar. Yawancin katunan nan kamfani yana ba su boltaji fiye da abin da suke buƙata don ko cip mafi rauni ya yi aiki lafiya, to wannan rarar ita za ka cire. A ƙasa mai zafi irin tamu rage boltaji shi ke sa kati ya riƙe gudunsa, ni duk wanda ya kawo min injinsa a nan jami'a abin da nake masa kenan.

Sai memori, yaya Dan_Wadata kar ka yarda da +400 don kawai bai faɗi ba. GDDR5, irin memorin da ke kan katinka, yana da tsarin gane kuskure a hanyar aika bayanai, in ya ga kuskure sai ya sake aikawa, to kana iya wuce iyaka ba ka ga ɗigo ko ɗaya a ekran ba amma makinka na gwaji yana raguwa a ɓoye. Sa Unigine Superposition ko Heaven, manhajojin gwada kati ne masu ba da maki, gwada a +200 ka rubuta maki, +300 ka rubuta, +400 haka, inda makin ya daina hawa ko ya fara sauka ka koma baya mataki ɗaya ka tsaya.

Dan_Wadata:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sa GPU-Z kamar yadda babban yaya ya ce, Thrm ne ke fitowa kusan koyaushe, jefi-jefi Pwr, VRel kuwa sai a farkon kunna wasa kawai. Na buɗe gefen akwatin na haska da tocilan waya, Ba_Adare kamar kana wurin, ƙurar ta toshe haƙoran gaba ɗaya har ba a ganin ƙarfen. Alim ɗin ma na duba, 12V an rubuta 18A, kenan 216 in lissafina daidai ne?? Yanzu ya ake rage boltajin a Afterburner, don sandar Core Voltage ba ta zuwa ƙasa da sifili a wajena.

Gyara_Katako:

Lissafinka daidai ne, kuma 216 ɗin nan kati da furosesa da faifai duk a ciki suke ci, to ka mayar da Power Limit 100 yau ɗin nan har sai ka canza alim, wannan ba shawara ba ce umarni ne na yaya.

Fara da shara. Kashe injin, zare waya daga bango, cire katin, ka fita da shi waje. In za ka hura da abin hura iska ka danne fankar da yatsa kar ta juya, don in iska ta juya ta da ƙarfi tana lalata mata gindi. Buroshin fenti ƙarami mai laushi ya isa ya fitar da ta tsakanin haƙoran. In kana da ƙarfin hali ka kwance sukurori huɗun da ke bayan cip ɗin, ɗaga ƙarfen a hankali akwai wayar fanka a maƙale kar ka fizge ta, goge tsohon pat ɗin da alkol 90 na farmasi da tsumma mai tsabta, ka sa sabo, MX-4 ko makamancinsa, ka shafe fuskar cip ɗin duka siriri don shi ba shi da murfi irin na furosesa. Wajen ɗaurewa kuma ka bi sukurorin a gicciye kaɗan-kaɗan. Kuma don Allah pat na gaske, an taɓa kawo min kati a shago da man goge baki a kai, ɗakin duk ƙamshin na'ana'a.

Rage boltajin ba da sandar ake yi ba. Danna Reset tukuna, sannan Ctrl da F, wani zane zai buɗe mai ɗige-ɗige, ƙasa boltaji ne a mV, gefe kuma gudu. Nemi ɗigon da ke kan 900, ja shi sama zuwa kamar 1850 don farawa, sannan duk ɗigon da ke damansa ka sauke su ƙasa da shi, in ka riƙe Shift kana iya zaɓarsu gaba ɗaya ka ja su tare, ka danna Apply za ka ga layin ya miƙe daga 900 zuwa ƙarshe. Ma'anarsa katin ba zai ƙara wuce 0.9V ba. Gwada da Superposition, sannan ka buga wasanka na gaske awa guda ko fiye, don akwai saitin da zai wuce gwaji lafiya ya zo ya faɗi a GTA. In ya tsaya ƙara kaɗan, 1875, 1900, in ya faɗi koma baya ko ka matsa zuwa 925. Ka yi gwajin da tsakar rana lokacin da ɗakin ya fi zafi, ba da asuba ba. Kuma kar ka kunna abin nan na Afterburner da ke sa saitin ya tashi da Windows sai ka tabbatar ya zauna, in ba haka ba duk kunnawa zai faɗi kafin ka samu damar gyarawa.

Fanka kuma ka yi mata naka tsarin a Settings wajen Fan, ta kai kamar 70 ko 75% tun yana digiri 70, ba sai 100% ɗin Turbo ba, wannan kashe fanka ne da wuri, kuma samun irinta a kasuwa wahala ne.

Turbo_Yantala:

To shi kenan na ji, amma in sanyi ya shigo a Disamba ka ajiye profil, wato saiti, na biyu mai +100 ka gwada, Afterburner ai guri biyar ya ba ka na ajiya. Lokacin za ka tuna da ni.

Dan_Wadata:

Na dawo da labari. Na share, na canza pat, tsohon da ƙyar ya fita sai da na jiƙa shi da alkol. Shara da pat kaɗai sun sauke shi zuwa 74. Da na yi zanen a 900 kuma, 1900 ya faɗi a GTA amma 1873 ya zauna daram, zafi 66 zuwa 68 da ƙarfe uku na rana, kuma PerfCap ba ya nuna Thrm ko kaɗan yanzu. Makin Superposition ya ɗan yi ƙasa da na lokacin +150 amma kaɗan ne, cikin wasa ban ga bambanci ba sai ma daina ɗan tsalle-tsallen da yake yi in an daɗe. Memori a +300 makin ya daina hawa, nan na bar shi.

Abu ɗaya, da na ɗaga ƙarfen akwai wasu ƴan roba masu laushi a kan memorin, ɗaya ta yage gida biyu, na dai haɗa ta na mayar. Matsala ce?

Ba_Adare:

In ta ruhe memorin dut ba wurin da ya rage a buɗe tana iya kai ka, amma ka nemi sabuwa. Kuma ka auna kaurinta kahin ka saya, akwai 0.5 akwai 1 akwai 1.5 milimita, in ka sa wadda ta fi kauri za ta ɗage ƙarfen ya bar taɓa cip ɗin sosai, zahin ya dawo ya fi na da. Yanki ɗan guntun tsohuwar daga gefen da bai matse ba ka tahi da shi Katako a gwada maka. Alim ɗin fa, ka samu?

Dan_Wadata:

Tukuna, sai ƙarshen wata in an biya ni kuɗin wani bidiyon biki. Gyara_Katako zan leƙo shagon ranar Asabar in Allah ya kai mu, in akwai mai 500 ko 550 na kirki ka ajiye min.